Kamfanin da Ya Karɓe Hanyar Babana Ne Ya Ɗauke Ni Aiki

Anti Loretta,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma in da hali ki ba ni amsa kafin Juma'a, 26 ga Oktoba, domin ranar wa'adin da aka ba ni zai cika. Sau uku ina rubuta wasiƙar nan ina yagawa. Idan wannan ta yi tsawo ki yi haƙuri, ban iya faɗin abu rabi da rabi ba.

Shekarata ashirin da biyu. A watan Mayun bana, 2007, na gama karatun tuƙin jirgin sama. Yanzu ina da awa 412 a littafin tashina, kuma ina koyar da ɗalibai huɗu a wani ƙaramin fili kusa da gida, a Fort Wayne. Babana ma matuƙi ne, shekararsa ashirin da uku a wani babban kamfani da ba zan ambaci sunansa ba. Shi ya fara ɗora ni a jirgi ina 'yar shekara tara, ya jibga mini matasai biyu a kujera don in hango gaba. Na zaɓi in rubuto miki ne saboda na san kin daɗe kina aiki a cikin jirgi, ba sai na yi miki dogon bayani ba. Amma idan za ki buga a jarida, bari in faɗi abu ɗaya saboda masu karatu.

A aikinmu komai lamba ne. Ranar da ka shiga ajin horon kamfani, ranar ake ba ka lamba a jerin matuƙa, kuma da ita za ka zauna har ka bar aiki. Ita ke cewa yaushe za ka koma kujerar hagu ka zama kyaftin, ita ke cewa ko za ka yi Kirsimeti a gida, kuma idan aka zo rage ma'aikata daga ƙasan jeri ake yankowa. Ƙwarewa ba ta tsallakar da kai ko mutum ɗaya. In ka canja kamfani, ko ka yi shekara talatin kana tuƙi, can ƙasa za ka koma.

Baba ya yi shekara tara yana kyaftin a jiragen nan masu kujera ɗari, hanyarsa kuwa ta biyo ta garinmu. Ina tuna Mama kan kai ni bakin wayar filin jirgi mu tsaya, in ya juyo da jirgin sai ya buɗe 'yar tagarsa ya ɗaga mana hannu. A 2005 kamfanin ya ajiye jiragen gaba ɗaya, guda hamsin da biyu, ya ba wa wani ƙaramin kamfani kwangilar hanyoyin. Su kuma suka kawo ƙananan jirage masu kujera hamsin da saba'in, aka shafa musu fenti iri ɗaya da na babban kamfanin. Fasinja zai sayi tikiti da babban suna, bai san waɗanda ke gaba ba ma'aikatan kamfanin ba ne. Da kujerun kyaftin suka ragu, sai aka ja layi a jeri, layin ya faɗo lamba goma sha ɗaya a saman Baba. Ya koma kujerar dama, mataimaki, yana da shekara hamsin da huɗu. Albashinsa ya sauka daga dala 171 a awa zuwa 88. Fanshonsa ma kotu ta tsayar da shi a inda yake.

Lamba goma sha ɗayan nan tana da tarihi a gidanmu. A 1984 an kira Baba aji a watan Afrilu, ya roƙa a ɗaga masa zuwa Mayu saboda ɗaurin aurensu da Mama. Mutum ashirin da shida suka shige gabansa. Da, abin dariya ne a gidan. Mama kan ce ita ce amarya mafi tsada a jihar Indiana, shi kuma ya ce ai an yi masa ragi. Tun 2005 ba wanda ya sake yin wannan wasan. Abin da ya rage kawai shi ne karatun da yake mini tun ina sakandare: duk ranar da aka ba ki ranar aji, ko da ƙafa ɗaya a karye ki je.

Baba bai ƙara zama mutumin da na sani ba. Ba ya sha, ba ya faɗa, kada ki fahimce ni ba daidai ba. Shiru kawai ya yi yawa. Yana da damar hawa ƙananan jiragen kyauta ya je wurin aiki, minti arba'in ne, amma ya gwammace ya tuƙa akori-kurarsa awa uku zuwa, awa uku dawowa, ko ana zubar ƙanƙara. Kayan wasan yara yake kiran jiragen, matuƙansu kuma masu cin abincin wani. Ranar Lahadin da ta wuce muna wanke mota a ƙofar gida, jirgin ƙarfe huɗu ya wuce ta kanmu zai sauka. Bai ɗaga kai ba. Ya dubi agogonsa kawai ya ce, "Sun makara minti goma sha biyu." Shekara biyu da rabi ke nan, Anti, har yau jadawalin yana kansa.

Akwai wani labari da ya ba mu a teburin bikin godiya da iyalai ke taruwa su yi duk Nuwamba, shekarar da abin ya faru. Kin san al'adar 'yar kujerar nan ta baƙo da ke cikin ɗakin tuƙi, wadda matuƙi na kowane kamfani kan roƙi kyaftin ya ba shi don ya isa gida. Ba a cika hana ta ba, domin yau kai ne, gobe wani. A makonsa na ƙarshe na kyaftin wani saurayi daga ƙaramin kamfanin ya zo, hularsa a hannu, ya gaishe shi da ladabi, ya ce kwanansa huɗu a hanya, duk kujerun baya sun cika. Baba ya karɓi katinsa ya duba, ya miƙa masa, ya ce ya je ya jira nasu. Jirginsu na gaba kuwa sai bayan awa biyar. Da ya faɗa, 'yan uwan Baba suka yi dariya, wani ma ya ɗaga kofi yana jinjina masa. Mama ta tashi ta ce za ta duba talotalo, alhali talotalon yana gabanmu. Ni ma na yi dariya, ina shekara ta biyu a makaranta lokacin. Na daɗe ina jin kunyar wannan dariyar.

To ga matsalata. Wurare biyar na nemi aiki. Babban kamfani ba ya ko kallon mai awa irin tawa, ga shi yana da mutum fiye da dubu da ya sallama waɗanda doka ta ce su za a fara kira. Uku ba su amsa ba, ɗaya ya ce in dawo in na kai awa ɗari shida. Wanda ya ɗauke ni shi ne wannan ƙaramin kamfanin da ya karɓe hanyar Baba. Na duba jadawalinsu, sau biyar a rana suke sauka Fort Wayne. Albashin shekarar farko dala 21 da santi 60 ne a awa, kuma awar ba ta fara ƙirguwa sai an rufe ƙofar jirgi. Sun lamunce awa 75 a wata, wato dala 1,620 kafin haraji. Na san kaɗan ne. Mai tuƙa motar da ke kai fasinja otal ya fi ni. Amma duk wanda na tambaya ya ce babu wata hanyar zuwa babban kamfani yanzu sai ta nan, domin tashin da sabon matuƙi zai yi a da, duk ya koma hannunsu.

Sun ba ni ajin 10 ga Satumba. Na kasa gaya wa Baba, sai na kira na roƙa a ɗaga mini, na ce ina da ɗaliban da ban gama da su ba. Gaskiya ne ina da su, amma ba shi ne dalilin ba. Aka ba ni 8 ga Oktoba. Na sa rana uku daban-daban da zan faɗa masa, kowace ta zo ta wuce, na sake kira. Matar da ke ofishin ɗaukar ma'aikata ta tambaye ni a waya ko na san abin da nake yi wa kaina. Kowane aji mutum talatin da biyu ne. Lamba sittin da huɗu ke nan na zubar da hannuna. Kuma a cikin aji ma da shekaru ake jera mutane, babba a gaba, ni kuwa da wuya a samu wanda na girma. Ta ce 5 ga Nuwamba ne na ƙarshe, in tabbatar kafin 26 ga Oktoba, in ba haka ba za su ba wa wani. Na yi lissafi da yadda suke ƙara girma yanzu, sittin da huɗun nan za su iya jinkirta mini kujerar hagu wata bakwai ko takwas. Idan kuma aka yi yanka, kin san sauran.

Mama ta sani. Ta ga ambulan ɗin awon yunifom na kamfanin a aljihun rigar sanyina. Ta ce ita ba ta ga komai ba, amma kada in bari ya ji a bakin wani, domin filin jirgin garin nan ƙarami ne, masu ɗaukar kaya ma sun san fuskata.

Saura abu ɗaya, shi ya fi damuna. Baba yana da aboki, Merle, Kawu Merle nake ce masa tun ina ƙarama. Ya yi wa Baba mataimaki shekaru, an sallame shi a 2002, ba a sake kiransa ba, yanzu yana sayar da kayan gini a wani kanti. Ranar walimar gama karatuna ya same ni a bayan gida wurin gashin nama, na ɗan taɓa masa zancen ƙananan kamfanoni. Sai ya ce a shekarar 2000 kamfani ya kawo wa ƙungiyar matuƙa tayi: ƙarin albashi kashi goma sha bakwai, su kuma su yarda a ba wa wasu tuƙin ƙananan jirage. Manyan matuƙa suka ce ai waɗannan ba jirage ba ne, wa zai sauko ya tuƙa su, a bar wa yara. Ya ce Baba ya jefa ƙuri'ar amincewa, har ya riƙa lallashin wasu. Ba da ɗaci ya faɗa ba. Cewa ya yi, "Ni ma na amince, 'yar nan. Na zaci ƙarin albashi nake karɓa, ashe takardar sallamata nake sa wa hannu." Ban yarda ba sai da na sauka ɗakin ƙasa na buɗe kwalin tsofaffin takardun ƙungiya. Kashi sittin da uku suka amince. Na ga takardar tayin da rubutun Baba a gefe, ya lissafa ƙarin da zai samu a wata, ya ja layi biyu a ƙasa.

Tun ranar nake jin haushinsa, ina kuma jin tausayinsa, ban san wanne ya fi ba. Wani lokaci nakan shirya maganar a kaina: in ya kira ni mai cin abincin wani, sai in ajiye masa takardar a gabansa. Sai kuma in tuna ni kaɗai ce 'yarsa, kuma saura masa shekara huɗu ya ajiye aiki a kujerar da ba tasa ba.

Anti, in je ko in haƙura? Idan zan je, in faɗa masa kafin ko bayan na fara? In gaya masa zancen sittin da huɗun, ko in bar shi a cikina? Takardar nan fa? Ba na so in rasa aikin, amma in aka ce in zaɓa, Baba nake tsoron rasawa.

Taki,
Ta Ƙasan Jeri

*

'Yata,

Ki ajiye jaridar nan ki kira matar ofishin yanzu, ki ce mata za ki zo 5 ga Nuwamba. Kada ki jira Juma'a. Sauran maganar tana iya jira ki dawo daga waya.

Kin dawo? To zauna.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina tura keken abinci a tsakanin kujeru, sau biyu ana sallamata, saboda haka ba zan ce miki babanki ba shi da gaskiya ba. Yana da ita. An ɗauke aikin da ake biyan mutum 171 an ba wa wanda za a biya ƙasa da rabi, aka shafa fenti ɗaya don kada kowa ya lura. Arhar da za a same ki da ita ce ta sa aikin nan ya wanzu, gara ki shiga da idonki a buɗe. Kuma ba kuɗi kaɗai aka ƙwace masa ba. Mutumin da ya shekara tara ana jiran maganarsa kafin a rufe ƙofa, yanzu shi ke jiran ta wani, wataƙila wanda ya koya wa aiki. Wannan ciwon ba ya nunawa a takardar albashi.

Amma ki duba ɗaya gefen. In kin ƙi zuwa, jirgin ƙarfe huɗu zai sauka kamar kullum, wani ne kawai zai zauna a kujerarki. Babanki ba zai samu ko lamba ɗaya daga cikin goma sha ɗayan nan ba. Ba ke kika ajiye jirage hamsin da biyu ba, kina makaranta. Saurayin nan mai hula a hannu ma ba shi ya ajiye su ba, kuma abin da aka yi masa ba daidai ba ne. Ina zaton babanki ya sani. Wanda ya gamsu da abin da ya yi ba ya buƙatar ɗaki guda ya taya shi dariya.

Zancen takardar kuwa, ki mayar da ita cikin kwalin yadda kika same ta. Kina tsammanin ya manta? Mutumin da ke riƙe da jadawalin hanyar da aka ƙwace masa shekara biyu da rabi bai manta ƙuri'arsa ba. Ni ina ganin a awa ukun nan da yake tuƙi, rabi faɗa yake yi da kansa. Kuskure ne da dubban mutanen kirki suka yi tare, na san da yawa cikinsu, sun raina ƙaramin jirgi ne kawai. In kin ajiye masa ita a gaba za ki ci gardamar, ba shakka, domin hujjarki ta cika. Amma zai daɗe bai iya haɗa ido da ke ba, kuma ba abin da kika rubuto mini kina nema ke nan ba. In wata rana ya ɗauko zancen da kansa, ki saurara, kada ki ce kin riga kin sani.

Ki faɗa masa kafin ki tafi, ke da kanki, ku biyu. Kada ki sa mahaifiyarki a tsakiya, ta ɗauki nata nauyin. Ki duba jadawalin aikinsa ki zaɓi ranar da ya dawo, yana da kwana uku a gida. Ba a ba wa mutum irin wannan labarin sannan a sake shi kan hanya ya je ya hau jirgi da mutum ɗari da hamsin a bayansa. Ki faɗa gajere: kin samu aiki, ga kamfanin, ga ranar. Ba izini kike nema ba, kuma ba gafara ba. Sannan ki yi shiru ki bar shi ya faɗi abin da zai faɗa, ko da ya yi zafi.

Sittin da huɗun ma ki faɗa, a zama ɗaya. Na san kina so ki ɓoye, amma duk matuƙi tambayarsa ta farko ita ce yaushe suka fara kiranki, ke kuwa ba ki iya ƙarya ba, wasiƙarki ta nuna. Ki shirya, domin ina jin wannan zai fi sunan kamfanin yi masa ciwo, idan ya gane tsoronsa ne ya sa 'yarsa ta yi abin da ya fi gargaɗinta a kai. Kada ki ɗora masa laifin, ke kika yi wayar. Kada kuma ki ci gaba da ƙirga su kullum. Sun tafi.

Game da aikin, dala 1,620 ba ta kai ki ko'ina, saboda haka ki nemi ɗakin haɗaka kusa da filin jirgin da za a ajiye ki tun yanzu, ki riƙa ɗaukar abincinki daga gida. Kada ki karɓi aiki na biyu da zai ci miki barci, kuma ranar da kika gaji ki ce kin gaji, ko wa zai ɓata rai. In kin cika shekara ki riƙa zuwa taron ƙungiya. Wata rana za a kawo muku naku tayin mai zaƙi, a ce ku sayar da na ƙasa da ku. Ki karanta har shafin ƙarshe.

Ba zan yi miki alkawarin zai rungume ki a ranar ba. Mai yiwuwa ya tashi ya fita, mai yiwuwa bikin godiyar bana ya yi muku sanyi, har ma Kirsimeti. Na ga iyayen da suka sauko cikin mako guda, na ga wanda ya ɗauki shekara biyu. Abin da ke hannunki shi ne kada ki bar shirun ya zama na ku biyu. Ki riƙa kiransa kowane mako daga wurin horo, ko da gaisuwa kawai zai amsa ya miƙa wa mamanki wayar. Haka za ki yi ta yi, ba tare da kin ƙirga sau nawa ba.

Allah ya ba ki sa'ar horo, ya sanyaya zuciyar babanki, ya sauke ku lafiya ku duka biyu a duk inda kuka tashi.

Anti Loretta